Mazubin da Ake Sake Sarrafawa ko Mai Ruɓewa: Wanne Ya Dace da Kayanka?

Kafin ka ba dila oda, tambayi kanka: idan mai saye ya gama da mazubin nan, ina zai jefa shi? Nan ne za a raba gardama, ba a koren ganyen da aka zana jikin leda ba.

"Mai ruɓewa" yana da daɗin ji, amma da sharaɗi a gindinsa. Ɗauki PLA, robar da ake yi da sitacin masara ko rake. Sai an kai ta masana'antar haɗa taki mai zafin wajen digiri 58 kafin ta ruɓe. Ƙa'idar Turai ta EN 13432 ma, da ta ce kashi 90 cikin ɗari ya ruɓe a wata shida, irin wannan wuri take nufi. A juji kuwa, inda shara ta danne shara iska ba ta shiga, sai ta yi ta kwanciya. Ga wata matsalar: da ido ba ka bambanta kofin PLA da na PET, wato robar gorar ruwa, kuma in suka gauraya, PLA ya ɓata wa masu sake sarrafawa aiki. Zuba wa kofin PLA ruwan zafi ka gani, nan take zai lanƙwashe. Ledar da aka rubuta wa "oxo" kuwa, ka guje ta. Dagargajewa kawai take yi, shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta ta tun 2021.

Ɗaya ɓangaren ma, wato wanda ake sake sarrafawa, ba a rasa nasa. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta ce kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa. Amma akwai waɗanda ke da kasuwa: gwangwanin alminiyam, wanda narka tsohonsa ke rage kusan kashi 95 na makamashin ƙera sabo, da kwali, da roba mai lamba 1 ko 2 a gindi. Ledar da aka manne roba da alminiyam da takarda wuri guda, da wuya ka sami mai karɓarta.

A ganina, mai sayar da busassun kaya ko abin sha ya riƙe mazubi mai sinadari ɗaya da masu tara shara ke saye. Mai sayar da abinci mai maiƙo lissafinsa daban, domin kwalin da ya sha mai ba ya sake sarrafuwa. Faranti na tuƙar rake ya fi masa, matuƙar akwai mai kwashewa zuwa wurin taki. Ka nemi takardar shaida wurin dila, ka karɓi samfur ka zuba kayanka ciki ya kwana, sannan ku yi ciniki.