Wandon aiki a Amurka: saƙo zuwa ga ƙanena a Tawa

Ƙanena, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran gareji. Saƙonka ya iso, wanda kake cewa in samo maka jins "ɗan Amurka na asali", wanda zai jure kwanciya ƙarƙashin mota. Zan aiko in Allah ya yarda. Amma bari in fara ba ka labarin yadda harkar wando take a nan, don kada ka buɗe jaka ka ce yayanka ya yi maka rowa.

Garin da nake, Greensboro a jihar Karolina ta Arewa, inda 'yan Nijar muke da yawa, garin jins ne tun kaka da kakanni. Hedkwatar kamfanin jins na Wrangler tana nan. A nan ne kuma masaƙar White Oak ta kamfanin Cone take, wadda aka buɗe a 1905, ta daɗe tana saƙa wa Levi's yadi. An rufe ta a ƙarshen 2017. Shi kansa Levi's ya rufe masana'antunsa na ƙarshe a ƙasar nan tun farkon 2004. Yau in ka shiga kanti ka juya wando ka karanta ɗan ƙyallen da ke ciki, abin da za ka gani shi ne Meziko, Bangladash, Nikaraguwa, Masar, wani lokaci har Lesotho. Sunan ne na Amurka. Wani abin dariya, Bangladash na sayen auduga mai yawa daga wajenmu, su Benin da Mali da Burkina. Wato ana iya nome ta a maƙwabtanmu, a ɗinka ta a Asiya, Bature ya sa ya gaji, sannan ta komo muku cikin dilar gwanjo.

Farashi kuwa hawa-hawa ne. Mafi araha, irin na manyan kantunan talakawa, bai kai dalar Amurka 20 ba, kamar jika goma ke nan a kuɗinmu. Na tsakiya, irin su Wrangler da Dickies, daga 25 zuwa 40. Carhartt mai ruɓi biyu a gwiwa yana kaiwa wajen 60. Levi's 501 ya ɗan ɗara haka in ba a yi ragi ba. Daga nan sai na 'yan gayu, wanda aka saƙa a tsohuwar masaƙa a Japan ko aka ɗinka a nan cikin ƙasar, dala 200 har 300. Ka tuna mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata, ka yi lissafi da kanka. Ba a ciniki a nan, babu "albarka", babu "rage mini". Kuma kuɗin da aka rubuta ba shi za ka biya ba, sai ka je gaban mai karɓar kuɗi a ɗora haraji, a gundumarmu kusan kashi 7 cikin ɗari. Abin da ya burge ni shi ne, in wandon bai yi maka ba, ka riƙe rasit ka mayar, za su ba ka kuɗinka ba tare da an haɗa ka da Allah da Annabi ba. Gwada haka a kasuwar Lahadi ka gani.

Ni aikina shimfiɗa tayil ne, yini nake yi a durƙushe, don haka gwiwata ta zama alƙalin wanduna. Abin da ta yanke shi ne, kuɗi ba ya bin inganci sai zuwa wani wuri. Daga mai dala 15 zuwa mai dala 35 bambancin a fili yake, ko makaho ya shafa zai gane. Daga 35 zuwa 60 ana ƙara maka wani abu na gaske, ruɓi a gwiwa da ɗinki layi uku. Daga nan zuwa sama suna kake saye. Wani ma an goge shi da dutse, an yayyaga gwiwar da gangan tun daga masana'anta, wato an cinye rabin ransa sannan a ninka maka kuɗin.

Sirrin yana cikin nauyin yadin. A nan da oza suke auna shi, nauyin yadi ɗaya tsawo da faɗi. Jins na aiki irin na da yana kaiwa oza 14, kusan giram 475 a kowace mita tsawo da faɗi. Wrangler mai lamba 13MWZ, wanda asalinsa ya fito a 1947 don masu kiwon shanu a kan doki, har yanzu wajen wannan nauyin yake. Yawancin na yayi kuwa oza 10 ne ko 11, kuma an sa musu zaren roba kashi 1 ko 2 cikin ɗari don su riƙa miƙewa. Daɗin sawa gare su, ban musa ba, kana durƙusawa suna bin ka. Amma robar nan ita ke fara mutuwa. Bayan 'yan watanni sai ka ga gwiwa ta yi jaka, tsakanin cinyoyi ya yi shara-shara, in ka ɗaga shi ga haske kana hango 'yan fararen zaruruwa sun tsinke sun miƙe kamar gashi. Wani mai arahar da na taɓa saye a hantsa ya buɗe, ina tsakiyar aiki a gidan mutane, da rigar sanyi na ɗaure ƙugu har aka tashi. Araha ba ta ado, amma ka sani akwai masu tsadar da wannan robar ce a jikinsu.

Su 'yan ƙusoshin jan ƙarfe da kake gani a bakin aljihu, ba kwalliya ba ce tun asali. Wani tela ne mai suna Jacob Davis ya fara sa su don aljihun leburori ya daina yagewa, shi da Levi Strauss suka yi rajistar dabarar a 1873. Sai dai kai da kake jingina da jikin mota, ka kula da su, suna karce fenti.

Carhartt, wanda aka kafa a Detroit a 1889, shi ne sarki a wuraren gini a nan. Yadinsa ba jins ba ne, wani mai tauri ne kamar tamfol, oza 12, sabonsa har tsayawa yake yi shi kaɗai. A gwiwa an ɗora wani yadin a kan na farko, an bar 'yar kafa a ƙasa inda ake cusa soso. A wurina ya biya kuɗinsa. To amma na zauna na tuna zafin Afrilu da Mayu a Adar, lokacin da ko spana ba ta taɓuwa in ta yini a rana, na ce a'a. Wannan wandon an yi shi ne don ƙasar da ake sanyi. In ka sa shi a garejinka da azahar, kafin la'asar ka tuɓe shi ka ba yaro. Sai dai lokacin hunturu, ko in za ka hau babur zuwa Ƙonni da asuba.

Dickies 874 kuma, wanda makanikan nan suka fi sawa, kashi 65 leda ne, 35 auduga, ɗan'uwan targal ɗin da muka sani. Ba ya yamutsewa, ba ya saurin koɗewa, yana bushewa da wuri. Amma ba ya shan gumi, kuma kada ka kuskura ka ba yaronka mai walda. Tartsatsi na faɗa masa sai ya narke ya manne a fata. Mai aiki da wuta auduga zalla ya kamata ya sa.

Yanzu ga inda kuka fi mu, kuma ba ku sani ba. A nan tela tsada gare shi. Rage tsawon ƙafa kawai sai a ce dala 15 ko fiye, canjin zif ya fi haka. Wa zai kai wandon dala 18 gyara? Sai a jefar a sayi wani. Ga injin busar da kaya da muke zuba wa kuɗi a gidan wanki, yana gasa tufa da zafi yana jujjuya ta. Duk sanda na jawo 'yar ragar injin sai in tarar da shuɗin gari ya taru dam, wandon ne ke ƙarewa a hankali. Kai kuwa ga mai keken ɗinki a bakin titi, da 'yan kuɗi zai sa maka maho a gwiwa, ya bi hantsa da ɗinki biyu, ya canja zif kana tsaye kuna hira. Ka wanke da hannu ka shanya a inuwa. Wando ɗaya a hannunka zai yi ninkin ran da zai yi a hannuna, muddin yadin na kirki ne tun farko.

Shi ya sa nake cewa kada ka raina gwanjo. Mutanen nan suna kai tufafin da suka gaji da su kantuna irin su Goodwill, abin da bai sayu ba a sayar wa dillalai su ɗaure dila-dila a tura tashoshin ruwa irin na Lome da Kwatano. Da idona na ga Wrangler mai kauri, ko sau biyar ba a wanke shi ba, a kan dala 8. Irinsa na iya kasancewa cikin tulin da ake zazzagewa a kasuwar Tawa ko a Katako in ka je Yamai. Ya fi sabon nan mai sheƙi da ake kawowa cikin leda, wanda aka manna wa babban suna a baya alhali wanki biyu ya ishe shi. Na san tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya sun ƙara kuɗi saboda zagayen da suke yi, duk da haka bai kai abin da zan kashe in saya a nan in biya kuɗin jaka ba, don jins mai nauyi ɗaya ya kusa kilo, jakar jirgi kuma kilo 23 ce.

In ka tsaya gaban mai gwanjo, ɗauki wandon ka ji nauyinsa a hannu tukuna. Ja shi ta faɗi, in ya miƙe ya koma, ajiye masa abinsa. Juya cikinsa ka duba hantsa da bakin aljihun baya, nan ne ƙarya take fara bayyana. Cusa hannu cikin aljihun gaba, don wani yadin waje lafiya lau, amma aljihun siriri ne, kwana kaɗan ƙusa ko makulli zai huda shi. In ƙyallen ciki na nan, nemi inda aka rubuta auduga ɗari bisa ɗari. Koɗewar launi kada ta dame ka, baƙin mai zai rufe ta cikin mako guda.

Abin da zan aiko maka ta hannun wani ɗan garinmu da zai zo bayan salla: Wrangler biyu masu kauri na auduga zalla, da Carhartt ɗaya don lokacin sanyi. Amma lambobin nan da inci ake yin su, ƙugu daban tsawo daban, ba irin 40 da 42 na kayan Faransa ba. Je wurin tela ya auna maka ƙugu, da tsawo daga hantsa zuwa idon sawu, ka turo mini ta WhatsApp kafin Juma'a. Kuma ka faɗi gaskiyar awon, don hoton sunan ɗanka da na gani ya nuna tumbi ya fara fitowa.

Ka gaida Inna, ka ce mata maganin ƙafarta na cikin jakar.