Alƙalami mai karatun Alƙur'ani: abin da na gani a ajin matan aure

Tun da alhazai suka fara zuwa da shi tsaraba, masu shagunan littattafai na Kurmi kuma suka ɗauka, da wuya mako ya wuce wata ɗalibata ba ta tsayar da ni a bakin ƙofa ba bayan an tashi: "Malama, alƙalamin nan mai karatu, in sa yara su sayo mini?" Ajin manya nake koyarwa a Islamiyyar matan aure ta unguwarmu a Kano, kuma yawancin waɗanda ke zama gabana sun haife ni. Ba na son in sa uwa ta ɗora wa 'ya'yanta sayen abin da ban riƙe da hannuna ba. Shi ya sa na sayi guda na yi ta aiki da shi a gida da aji, na kuma zuba ido a kan matan da suka riga ni mallakarsa.

Nawa a cikin 'yar jaka mai zif ya zo. Akwai mus'hafi mai nauyi da aka buga bisa tsarin na Madina, shafi 604, layi 15 a shafi. Akwai alƙalamin kansa, wanda ya ɗan fi babban yatsa kauri, da wayar caji, da abin sawa a kunne, sai ƙananan littattafai: Ƙa'ida Nuraniyya, da na azkar ɗin safe da yamma, da wani kati da ake taɓawa a zaɓi mai karatu. Ƙirar Chaina ne, kamar yawancin waɗanda na gani a hannun mutane. Babu siddabaru a cikinsa. An buga takardar da wasu ɗige-ɗige ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai an ƙura sosai, a bakin alƙalamin kuma akwai 'yar kyamara mai karanta su. Kowane gurbi a shafi da lambarsa, da zarar kyamarar ta gane lambar sai ya saki muryar da aka ajiye a cikinsa. In aka taɓa lambar aya ya karanta ayar, in sunan sura ne ya ɗauko ta daga farko, in kalma ɗaya ce ya faɗe ta ita kaɗai. Saboda haka ba ya aiki a kan kowane Alƙur'ani sai wanda suka zo tare. Na ga wadda ta yi ta dangwala shi a kan tsohon Alƙur'aninta, ta zo tana cewa an sayar mata da matacce.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar sabis. A waya ma akwai duk waɗannan ƙira'o'in kyauta, amma kowa ya san yadda take kaya: a buɗe waya da niyyar tilawa, saƙon WhatsApp ya shigo, kafin a farga an yi nisa a hirar biki. Wannan kuwa abu ɗaya ya iya. Ga tsohuwar da rubutun boko bai dame ta ba, taɓa takarda ya fi mata sauƙi nesa ba kusa ba a kan lalube a fuskar waya.

Amma babban alherinsa shi ne ba ya gajiya, kuma ba a jin kunyarsa. Duk wanda bai koyar da manya ba ba zai san nauyin wannan ba. Akwai wata Hajiya a ajinmu da ta daɗe a kan Lam yakun, surar da ta saba riƙe yara ma balle mai jikoki. A aji za ta kama, ta koma gida ta zube. Jikanta ne ke biya mata da daddare, yaro ɗan sakandare, kuma ranar da ya ce mata, "Hajiya, ai jiya ma nan na biya miki," ba ta sake tambayarsa ba. Ba da rashin kunya ya faɗa ba, amma maganar ta zauna mata. Da babban ɗanta ya kawo mata alƙalamin, sai ta riƙa zama bayan sallar asuba tana taɓa aya ɗaya tana maimaitawa har rana ta fito, babu mai tsaki, babu mai duba agogo. Ranar da ta kawo surar daga farko har ƙarshe, duk ajin ya ɗauki kabbara, ita kuma tana share ido da bakin hijabi. Na tuna musu hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa mai karatu yana tuntuɓe yana shan wuya lada biyu gare shi.

Masu karatun da aka zuba a ciki manya ne: Husari, Minshawi, Abdulbasit, Huzaifi, Sudais. Ga mai koyo, Husari nake zaɓa wa kowa, saboda yana bai wa kowane harafi haƙƙinsa ba tare da gaggawa ba. Shi ne ya fara naɗar Alƙur'ani cikakke da murattal, wato karatun tilawa a tsanake, a Masar a 1961, ga shi yau muryarsa na fitowa daga abin da za a iya sawa a aljihu. Na Minshawi wanda yara ke maimaitawa a bayansa ma yana da kyau ga ƙananan surori.

Ƙananan aibobinsa suna nan. Lasifikarsa siririya ce, in aka ƙure murya sai ta riƙa karkarwa, harufan maƙogwaro su cakuɗe. Sai an tsayar da bakinsa sosai yake kamawa, hannu mai rawa kuwa yakan faɗa kan ayar ƙasa. Muryar da ke bayanin maɓallai Larabci da Turanci kawai take yi. Caji yana kai shi kwanaki in ba a matsa masa ba, sai dai yakan ɗauke a tsakiyar aya ba gargaɗi, abin da ke sosa mini rai kowane lokaci. Akwai fassarar Hausa a cikin nawa, amma ko a kwali ko a takardar bayani ba a faɗi ta wane malami ba ce. Fassarar Sheikh Abubakar Mahmud Gumi da ake bugawa a Madina an san mai ita, an san wanda za a tuhuma in an ga gyara. Ma'anar maganar Allah ba abin da za a karɓa daga bakin da ba a san mai shi ba ne, don haka na ce wa ɗalibaina su bar wannan maɓallin, fassara mu yi ta a aji.

Inda na fi damuwa shi ne riwaya. Mus'hafin na Hafsu ne. Iyayenmu da suka yi makarantar allo kafin a yi musu aure kuwa da Warshu suka buɗe baki, da shi suka yi babbaƙu da farfaru, a rubutun da harafin fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. In irin wannan uwa ta buɗe mus'hafin alƙalamin, fa ɗinsa mai ɗigo ɗaya a sama ƙaf take gani. Lambobin ayoyi ma ba su zo ɗaya ba, domin ƙirgen da Hafsu ke bi 6,236 ne, wanda aka saba a mus'hafan Warshu kuma 6,214. Wata dattijuwa ta same ni jikinta a sanyaye. Ta ji alƙalamin ya ja "Maaliki" a Fatiha, ya fito da hamza a "yu'minuna", alhali ita tun tana yarinya "Maliki" da "yuminuna" take yi. Ta ce, "'Yar nan, ashe duk sallolin da na yi a rayuwata da kuskure na yi su?" Sai da na zaunar da ita na yi mata bayani cewa nata karatun riwayar Warshu ce daga Nafi'u, limamin ƙira'a na Madina, na alƙalamin kuma riwayar Hafsu ce daga Asimu na Kufa, dukansu ingantattu ne har zuwa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da ba ta da ajin zuwa, da haka za ta kwana da wannan tashin hankali a ranta, ko ta watsar da abin da malaminta na allo ya ba ta tana ganin jahilci ne.

Ni kaina Hafsu nake koyarwa, kamar yawancin Islamiyyu, kuma ba ni da ja da shi. Amma ina ganin yadda na'urori ke zaɓa mana ba tare da sun yi shawara da kowa ba. Duk abin da ya zo a saite cikin waya ko alƙalami, shi yara za su ɗauka shi ne daidai, saura kuma "na tsofaffi". Warshu bai rasa masu naɗa ba, Husari ya naɗe shi tun 1964, ma'aikatar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad da ke Madina ma tana buga mus'hafinsa. 'Yan kasuwarmu ne ya kamata su nemo mai Warshu su ajiye kusa da mai Hafsu, a ƙasar da alarammomi ke rubuta Alƙur'ani da ka, garin Sharif Bala Gabari wanda rubutun hannunsa ya shiga gidaje ba adadi.

Sai babbar magana: alƙalamin yana biyawa, amma ba ya saurare. Hajiyar nan ta Lam yakun ta kawo surar ba tuntuɓe, amma duk inda harafin "tha" ya zo "sa" take yi, ha mai fitowa daga tsakiyar maƙogwaro kuma ta mayar da ita ha ta Hausa. Husari ya faɗa mata daidai sau ba adadi, kunnenta kuma ya ji abin da harshenta ya saba. Akwai maɓallin naɗar murya don mutum ya kwatanta nasa da na mai karatu, ta gwada, ta ce ita ba ta ji bambanci ba. Sai da na matso kusa da ita na ce, "Hajiya, dubi bakina," na fito da kan harshena tsakanin haƙora, ta kwaikwaya, muka yi ta yi har harafin ya fito. Haka aka karɓo wannan littafi tun asali. Mala'ika Jibrilu yana bitar Alƙur'ani da Annabi kowane Ramadan, a shekarar ƙarshe sau biyu. Warshu ya taso daga Masar har Madina don ya karanta Nafi'u yana saurare. A nan ƙasarmu ma, jajin Nana Asma'u, wato matan da ta koyar ta tura su koyarwa, ƙafa suka taka zuwa ƙauyuka suka zauna da mata baki da baki.

Na san an fara yin manhajojin waya masu sauraron karatu, su nuna ja in an tsallake kalma ko an musanya ta. Na gwada irinsu, kuma ga mahaddacin da ke muraja'a shi kaɗai suna da amfani ƙwarai. A Masallacin Harami ma an sa mutum-mutumi mai amsa tambayoyin alhazai cikin harsuna 11, har da Hausa. Ban ga abin tsoro a nan ba. An yi surutu a kan lasifika, an yi a kan tafsirin rediyo, an yi a kan kaset, ga shi yau wa'azin Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a 2007, yana cikin wayoyin yaran da ba su taɓa ganinsa ba. Injin niƙa ya hutar da mata daka, bai tuƙa wa kowa tuwo ba. Na'ura za ta ci gaba da karɓe maimaici da tuni da nemo aya, kuma gara ta karɓa. Amma ijaza daga mutum take fitowa, mutumin da ya ji karatunka ya ce ya yarda, ya ɗauki nauyin haka gaban Allah.

Tsorona a kan 'ya'ya yake. Wata ɗalibata ta daina zuwa, da na bi sawu sai na tarar ɗanta ya saya mata alƙalamin ya ce, "Umma, yanzu kina da malami a ɗaki, ki huta da shiga rana." Tausayi ne ya sa shi, na sani. Amma bai san cewa a ajin nan ne ake lura in fuskar mace ta canza ba, a nan ake jin wadda mijinta ke kwance a haɗa mata ɗan abin dubiya, a nan mai takaba ke fara fitowa cikin mutane bayan ta gama. A nan ne mace ke rage murya ta yi tambayar jinin haila ko ta gado wadda ba za ta iya yi wa ɗanta ba. Na roƙe shi ya bar ta ta dawo ko da Asabar da Lahadi ne, ya yarda, kuma yanzu da alƙalamin take zuwa a jaka.

Ga mai tambaya ko ya saya: in uwarka ko matarka tana zuwa makaranta, saya mata, kuɗinka bai faɗi ba. Farashinsa yana bin dala, don haka a zagaya shago biyu uku kafin a biya. A tambaye ta da wace riwaya ta fara karatu tun kafin a fita gida. A sa mai shago ya buɗe kwalin a gwada a wurin, kuma kada a tsaya kan Fatiha da Baƙara, a buɗe tsakiya wajen Kahfi da Maryam, a buɗe izun ƙarshe, domin an taɓa kawo mini wanda wasu shafukansa na tsakiya ba sa amsawa sam. A duba ramin cajinsa ko irin na wayoyin gidan ne, saboda wayar cajin ce ke fara ɓata. In an kai gida a nema masa wuri sama da hannun yara, a kuma kiyaye shi daga laima, don takardar da ta jiƙe ta bushe ba ta cika karantuwa ba.