Yawon jirgin ruwa a kogin Rayin, birnin Kolon: ya ci kuɗinsa

Tun ina yaro a Tudun Wada nake jin sunan Kolon a rediyon Baba, lokacin nan Muryar Jamus daga can take watsa shirye-shirye kafin su koma Bon a 2003, to da Allah ya kai ni garin sai na ji kamar na san shi. Ƙanina da ke karatu can shi ya ce Yaya in dai kana son ganin garin nan da kyau ka shiga jirgin ruwa na yawon awa ɗaya, haka kuwa aka yi.

Wajen shiga yana bakin kogi ƙasan tsohon gari, tafiyar ƙafa kaɗan daga tashar jirgin ƙasa. Tikiti ba wahala, ba turereniya, kuma lokacin da suka rubuta lokacin muka tashi. Jirgin tsaf, banɗaki ma tsaf. Na hau sama na zauna, gaskiya ku riƙe rigar sanyi don iskar kogin nan ta fi hunturun Kaduna cizo, hannuna har ya ƙage a kan waya.

Daga tsakiyar ruwa ne mutum yake gane girman babban cocin nan nasu, hasumiya biyu baƙaƙe mita 157, an fara gini 1248 ba a gama ba sai 1880, sama da shekara ɗari shida kenan fa. A yaƙin duniya na biyu bama-bamai sun kusa share tsakiyar garin amma shi ya tsaya, shi yasa yawancin gine-ginen da ke kewaye da shi sababbi ne. Muka bi ta ƙarƙashin gadar Hohenzollern jiragen ƙasa na wucewa a kanmu ɗaya bayan ɗaya kana jin ƙarfen yana rugugi, ga kwaɗuna dubbai da masoya suka maƙala a jikin wayar gadar. Can gaba akwai wasu dogayen gidaje uku da aka yi da siffar injin ɗaga kaya na tsohuwar tashar jiragen ruwa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne jiragen dakon kaya, dogaye, suna ta wucewa a hankali da kwantena, kogin aiki yake ba ado kawai ba, sai na tuna namu kogin na Kaduna wajen Gamji raina ya ɗan sosu wallahi.

Inda suka gaza, lasifikar bayani ba a ji sosai daga sama in iska ta taso, kuma shayin ciki da tsada ga ɗan kofi. Giya ma ana sha a yawancin teburan, wanda abin ke damu ya nemi kujerar gefe.

Muna sauka muka nufi babban masallacin unguwar Ehrenfeld muka yi la'asar. In na sake zuwa na yamma zan shiga, ƙanina ya ce da magariba ake kunna wa cocin da gadar fitilu.