VeraCrypt bayan shekara guda: kwaɗo ne mara kyan gani, amma yana riƙe ƙofa

Ba don wani faifai na hannu da na saya ba, da har yau ban san akwai manhajar kulle fayiloli da kalmar sirri mai suna VeraCrypt ba. Aikina buga takardu ne da adana wa mutane su: yarjejeniyoyi, wasiƙun neman aiki, kwafin katin shaida, takardun makaranta. Bara ma'ajiyar kwamfutata ta cika, sai na shiga wani dandalin gwanjo na intanet na taya faifan ajiya na waje mai terabait 2. Mai shi ya rubuta cewa an goge komai, kamar sabo yake.

Na yi iya taka-tsantsan da na sani. Ban tsaya ga yawan taurarinsa ba, ƙorafe-ƙorafen waɗanda suka saya a wurinsa na bi na karanta. Na yanke wa kaina iyaka tun kafin mintocin ƙarshe, domin a nan ne zuciya take ɗaukar mutum ya yi ta ƙari don kada wani ya kayar da shi. Da na ci gwanjon, sai ga saƙonsa wai in tura masa kuɗin kai tsaye zai yi mini ragi. Na ce a'a. Kariyar da dandali yake ba mai saye tana aiki ne idan kuɗin ya bi ta cikin dandalin. Da zarar ya bi ta bayan fage, kai da Allah.

Faifan ya iso lafiya. Windows ta nuna terabait 1.81, wanda ba cuta ba ce, masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga, ita kuma da 1,024. Ƙanena, wanda gyaran kwamfuta ne sana'arsa, ya duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo, ya ce ya sha aiki amma babu wurin da ya lalace. Har na miƙa hannu zan karɓa sai ya ce, "Yaya, dakata. Kafin ki zuba komai bari mu ga abin da mai shi ya bari." Na ce ai an goge. Ya yi dariya, ya buɗe PhotoRec, manhajar da ake dawo da fayilolin da suka ɓace da ita. Ba a yi awa ɗaya ba sai ga hotunan wasu iyali da ban taɓa gani ba, yara a bakin ruwa, wata tsohuwa a gadon asibiti, sannan takardar banki da suna da lamba raɗau. Na ce ya tsayar. Kunya ce ta kama ni, kamar na buɗe ɗakin mutane ba sallama. Muka share abin da ya fito, ya sa aka bi faifan gaba ɗaya aka rubuce shi da sifili, abin da ya ci kusan dare guda.

Ashe gajeren fomat ɗin da yawancinmu muke yi jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake kawai yake cirewa. Kamar ka yage shafin ƙunshiya daga littafi ne ka ce ka ƙone littafin. Kuma matsalar ta daɗe. Tun a 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka wallafa binciken da suka yi a kan tsofaffin faifai 158 da suka saya, da yawa daga gwanjon intanet. Guda 12 ne kacal aka goge yadda ya kamata, kuma a cikin sauran sun tsinci lambobin katin bashi sama da 5,000. A daren nan ba mutumin nake tunani ba, filashina nake tunani, wanda ya faɗi daga jakata shekara biyu da suka wuce da takardun mutane a ciki.

Washegari ƙanena ya saka mini VeraCrypt. Kyauta ce, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake ga duk mai son dubawa. Mounir Idrassi ne ya fara ta a Faransa a 2013, ya gina ta a kan wata tsohuwar manhaja mai suna TrueCrypt, wadda masu ita, da ba su taɓa bayyana kansu ba, suka watsar da ita kwatsam a watan Mayun 2014. A 2016 kamfanin tsaro na Quarkslab ya bi ta ya tantance, ya gano kurakurai, aka gyara manyan cikinsu a fitowa ta 1.19. Wannan ya fi kwantar mini da hankali a kan tallar da za ta ce mini kayanmu ba su da aibi. Tana aiki a Windows da macOS da Linux.

Abin da take yi ba shi da wuyar fahimta. Kana ƙirƙirar fayil guda babba, ka ba shi girman da kake so, shi ne akwatinka. Idan ka buɗe shi da kalmar sirri, sai ya bayyana a kwamfuta kamar ka jona filashi, da harafinsa, ka zuba ka kwashe yadda ka ga dama. Idan ka rufe, ya koma tarin lambobi marasa kai da gindi. PhotoRec ɗin da ya tona asirin wancan bawan Allah mun gwada shi a kan nawa, bai fito da ko hoto ɗaya ba.

Ranar farko dai sai da na kusa haƙura. Fuskar manhajar kamar ta shekara ashirin da suka wuce, launin toka, jerin haruffa daga sama zuwa ƙasa, ga tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Za ta ce ka zaɓi tsarin kullewa: AES, Serpent, Twofish, Camellia, Kuznyechik, ko ka haɗa biyu ko uku. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka idan bai haɗa uku ba ya yi sakaci. Ka bar shi a kan AES. Shi ne wanda hukumar NIST ta Amurka ta amince da shi a 2001, wasu 'yan Beljiyam biyu ne suka ƙirƙiro shi, kuma yawancin kwamfutocin yanzu an gina musu hanyar sarrafa shi a cikin ƙwaƙwalwarsu, shi ya sa ba ya jan ƙafa. Za ta kuma tambaye ka ko za ka ajiye fayil da ya wuce gigabait 4, domin tsohon tsarin FAT32 ba ya ɗaukar abin da ya haura haka. In kana da bidiyo, ka ce eh.

Daga nan sai abin da ya ba ni dariya: ta ce in yi ta kaɗa linzamin kwamfuta barkatai har wani layi ya cika ya zama kore. Na zauna ina ta zagaye a kan tebur kamar mai goge tabo. Na ce wa ƙanena wannan wasa ne ko aiki? Ya ce aiki ne, daga rawar hannuna take tara lambobin da babu mai iya hasashensu, da su take ƙarfafa makullin.

Kullum idan na saka kalmar sirri sai ta yi ɗan jim kafin akwatin ya buɗe. Da farko na zaci kwamfutata ce ta tsufa. Da gangan ne. TrueCrypt sau 1,000 ko 2,000 take jujjuya kalmar kafin ta fitar da makulli, VeraCrypt kuwa sau 500,000 a irin wannan akwati. Ni daƙiƙu kaɗan nake jira sau ɗaya a rana. Ɓarawon da yake gwada kalmomi miliyan-miliyan kuwa sai ya biya wannan jiran a kan kowace ɗaya. Bayan ya buɗe, ban taɓa jin bambancin sauri ba wajen kwafe takardu da hotuna, faifan kansa ne yake da iyakarsa.

Yanzu ga abin da duk mai son amfani da ita ya kamata ya ji da kyau: babu maɓallin "na manta". Babu lambar da za a turo maka a waya, babu ofishin da za ka kira. Ka manta kalmar, kayanka sun tafi, ko Idrassi da kansa ba zai buɗe maka ba. Manhajar tana gargaɗi idan kalmarka ba ta kai haruffa 20 ba, don haka ni jimla na yi, kalmomi shida da ba su da alaƙa da juna. Sati biyun farko kullum da safe sai na buga ta ko ba ni da aiki, har yatsuna suka haddace. Akwai kuma wani ɗan yanki a farkon akwatin inda ainihin makullin yake zaune; idan ya lalace komai ya kulle. Manhajar tana ajiye na biyu a ƙarshen akwatin, kuma tana ba ka damar fitar da kwafinsa ka ajiye wani wuri. Ka fitar tun ranar farko, ƙaramin fayil ne.

Ana iya kulle faifai gaba ɗaya maimakon yin akwati a cikinsa, amma ni ban zaɓi haka ba. Kwamfuta ba ta gane faifan da aka kulle duka, sai ta ɗauka babu komai a ciki ta tambaye ka ko ta yi masa fomat. Dannawa ɗaya cikin gaggawa, ko yaro ya danna maka, shi ke nan. Akwati ba ya jawo wannan tambayar.

Abin da ake yawan yabon ta da shi, wato akwatin ɓoye a cikin akwati mai kalmar sirri daban, ni ban ga amfaninsa gare ni ba. An yi shi ne don wanda za a iya tilasta wa ya buɗe, kamar ɗan jarida a hannun hukuma. Ga mai aiki irin nawa ƙarin hanyar yin kuskure ne, domin idan ka cika na waje ba tare da ka kunna kariya ba, kana iya rubuce na cikin.

Inda ta gaza kuwa, waya ce. Masu ita ba su fitar da ta Android ko iPhone ba, sai dai manhajojin wasu da suke iya buɗe akwatinta, ni kuma ban yarda in miƙa kalmata ga wanda ban sani ba. Ba ta kuma dace sosai da ma'ajiyar intanet ba: ka gyara wasiƙa ɗaya, wasu ma'ajiyoyin sai sun sake ɗora akwatin duka. Ga wani tarko da ƙanena ya nuna mini tun da wuri: a yadda take zuwa, ba ta canza kwanan watan da ke jikin akwatin ko ka yi aiki a ciki, don haka manhajar da ke yi maka kwafi ta hanyar duba kwanan wata za ta iya wuce shi tana zaton babu sabon abu. Ana cire wannan a wurin saiti.

Kada kuma a ɗauke ta maganin komai. Muddin akwatin yana buɗe, duk ƙwayar cutar da ta shiga kwamfuta tana ganin abin da kake gani. Irin masu kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa, kamar WannaCry da ta addabi duniya a watan Mayun 2017, suna iya ɗora nasu kwaɗon a kan naka. Faifai kuma yana mutuwa ko an kulle shi ko ba a kulle ba. Shi ya sa nake bin ƙa'idar nan ta kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Mai faifan SSD ko filashi ya fi kowa buƙatar kullewa tun ranar farko, saboda yadda suke rarraba rubutu a cikinsu ya sa rubuce su da sifili ba ya tabbatar da an taɓa kowane lungu.

Wanda yake da Windows Pro kuma ba ya fita daga Windows, BitLocker, manhajar kullewa ta Windows kanta, ta fi masa sauƙi, tana nan cikin kwamfutarsa, kuma tana ba da makullin ko-ta-kwana. Mai Mac yana da FileVault. Ni faifaina yana yawo tsakanin kwamfutata da ta ƙanena mai Linux, kuma tawa Windows Home ce, wadda ba ta kulle faifan waje da BitLocker. Don haka VeraCrypt ce ta dace da ni, zan kuma ba ta huɗu cikin biyar, ɗayan na cire saboda waya da wahalar ranar farko. Mahaifiyata kuwa ba zan saka mata ba, don na san a bayan kalanda za ta rubuta kalmar.

Tawa ma a rubuce take, a takarda, cikin ambulan da na liƙe na ba ƙanena, na sa hannu a kan bakin. Watan jiya na tambaye shi ko tana nan. Ya ce, "Tana nan, Yaya, amma rubutunki ne, ko na buɗe sai na kira ki ki karanta mini."