GRUB, systemd-boot ko rEFInd: wanne ya dace da mai haɗa Linux da Windows?

Mai saka Linux a gefen Windows yakan tafi sumul har ya iso shafin da ake tambayarsa inda za a ajiye butloda, a nan hannu yake tsayawa cak. Butloda ita ce 'yar manhajar da ke nuna maka jerin tsarukan da ke cikin kwamfuta idan ka kunna ta, sannan ta miƙa ragama ga wanda ka zaɓa. Guda uku aka fi amfani da su, amma kafin a kai ga zaɓe akwai tambayar da ta fi zaɓen nauyi: ta wace hanya Windows ɗinka yake tashi?

Buɗe msinfo32 a Windows, ka duba layin BIOS Mode. Ko dai ka ga UEFI, wato sabuwar hanyar tashin kwamfuta, ko ka ga Legacy, wato tsohuwar hanya. Abin da ka gani, da shi za ka saka Linux, babu gauraye. GRUB ɗin da aka girka ta UEFI ba zai tayar da Windows ɗin da aka girka ta tsohuwar hanya ba, kuma wannan ne ke sa mutane da yawa kukan cewa Windows ya ɓace alhali yana nan lafiya lau. Lokacin da ka soka filash ɗin girka Linux ka danna maɓallin zaɓen tashi, F12 ne ko F9 ko Esc gwargwadon kamfanin, sau da yawa sunan filash ɗin zai fito sau biyu, ɗaya da UEFI a gabansa, ɗaya babu. Nan ake yin kuskuren. In Windows 11 ne, an hutar da kai, domin shi UEFI yake buƙata.

A kwamfutar UEFI akwai ƙaramin ɓangare mai tsarin FAT32 da ake kira ESP, wanda Windows yakan yi masa 100 MB. Kowane tsari yana da jakarsa a ciki, ta Microsoft daban, ta Ubuntu daban, ba mai taka wani. Ka nuna wa mai girkawa wannan ɓangaren a matsayin /boot/efi, kuma don Allah kada ka sa masa alamar fomatin, in ka goge shi Windows ba zai tashi ba sai an yi gyara. A tsohuwar hanya kuwa, wurin zama ɗaya ne tak a bait 512 na farkon faifai, saboda haka /dev/sda, wato faifan gaba ɗaya, za ka zaɓa, ba /dev/sda1, ɓangarensa na farko, ba, kuma wanda aka girka a ƙarshe shi ke kwace kujerar. Shi ya sa ake fara saka Windows, Linux ya biyo baya.

GRUB shi ne wanda Ubuntu, Debian, Fedora da Linux Mint suke zuwa da shi, kuma shi nake ba mafi yawan mutane shawara. Yana aiki da UEFI da tsohuwar hanya, yana karanta ext4 da Btrfs, tsarin ajiye fayiloli na Linux, saboda haka kanel, wato zuciyar Linux da butloda ke tayarwa, yana zaune a ɓangaren Linux, bai damu da ƙanƙantar ESP ba. Ga wanda ba ya son kashe Secure Boot, wato tsaron UEFI da ke hana tashin manhajar da ba ta da amintaccen sa hannu, manyan rabe-raben nan na Linux suna zuwa da shim, 'yar manhaja mai sa hannun Microsoft da ke tayar da GRUB, komai ya tashi ba tare da ka taɓa saitin ba. Aibinsa shi ne ba ya duba faifai da kansa a kowane tashi. Jerin da aka rubuta masa yake karantawa, in wani abu ya canza sai an sake rubutawa. Tun daga GRUB 2.06 na shekarar 2021 kuma, os-prober mai nemo sauran tsaruka a kashe yake zuwa. In ba ka ga Windows a jerin ba, buɗe /etc/default/grub ka sa GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, sannan ka ba da umarnin update-grub a Ubuntu ko Debian.

Shi systemd-boot, wanda Pop!_OS ke amfani da shi, sauƙi ne abin sayarwarsa: gajerun fayilolin saiti da mutum zai karanta ya gane, kuma yana ganin Windows da kansa in suna ESP ɗaya. Amma UEFI kawai ya sani, kuma a ESP ko wani ɓangare na musamman yake son a ajiye kanel. 100 MB ɗin Windows ba za ta ɗauki kanel biyu ko uku ba. In ba a shirye kake ka faɗaɗa ta ba, bar shi.

rEFInd kuwa yana binciken faifai duk lokacin da aka kunna, ya jera abin da ya samu da tambarinsa. Ga mai tsaruka uku ko huɗu, ko mai tsohuwar Mac ta Intel, wannan hutu ne babba. Sai dai bayan an gama girkawa ake ƙara shi, kuma da Secure Boot sai ka yi rajistar makulli da hannunka.

In kwamfutarka tana da gurbin faifai biyu, ba wa kowane tsari nasa faifan da nasa ESP. Sabuntawar ɗaya ba za ta taɓa fayilolin ɗayan ba, kuma ranar da ka gaji da Linux sai ka zare faifansa kawai.

Saitin da ya rage kaɗan ne. A /etc/default/grub, GRUB_TIMEOUT=5, wato jiran daƙiƙa biyar, ya isa mutum ya zaɓa, kada ka mai da shi 0. In kana so ya riƙa tuna wanda ka shiga na ƙarshe, haɗa GRUB_DEFAULT=saved da GRUB_SAVEDEFAULT=true. A ɓangaren Windows, kashe Fast Startup, domin yana barin faifai kamar ba a rufe shi ba, Linux ya ƙi rubutu a kansa. In BitLocker, mai kulle bayanan faifai a Windows, a kunne yake, rubuta makullin cetonsa mai lambobi 48 a takarda kafin ka taɓa komai, saboda sauya hanyar tashi ko saitin Secure Boot na iya sa ya nemi makullin a tashi na gaba.