StoryGraph ga mai son faɗaɗa karatu: amfaninta da inda take gazawa

StoryGraph manhaja ce ta ajiye lissafin littattafan da mutum ya karanta. Nadia Odunayo, wata mai tsara manhajoji a Landan, ce ta kafa ta a 2019, a lokacin da Goodreads, wata manhaja mai irin wannan aiki wadda Amazon ya saya a 2013, ta mamaye wannan fage. Ana samunta a wayoyin Android da iPhone da kuma ta intanet. Yawancin ayyukanta kyauta ne, kuma babu tallar da ke faɗo maka kana tsakiyar dubawa. Akwai tsarin biyan kuɗi mai suna Plus, amma mai farawa bai da buƙatarsa.

Babban abin yabonta shi ne yadda take bari ka yanka wa kanka burin shekara. Kana iya ƙirga littattafai, ko shafuka, ko sa'o'in sauraro idan littafin na murya ne. Na shafuka ya fi dacewa da mai son faɗaɗa karatu. Wanda ya ce sai ya gama littafi 40 a shekara, da ya ga watan Satumba ya kama yana na 18, sai ya koma farautar 'yan sirara, ya riƙa kauce wa littafin tarihi mai shafi 500 tamkar mai bin sa bashi. Lissafin shafi ba ya jawo wannan. Shafi 10 a rana ya ba ka 3,650 a shekara, wato kimanin littafi 12 masu shafi 300, kuma shafi 10 ba ya wuce zaman da ake yi tsakanin Magariba da Isha'i. A fara da wannan. Idan an cim masa da wuri, ana iya ƙara adadin a kowane lokaci.

Sai shafin ƙididdiga, wanda shi ne ainihin dalilin sauke manhajar. Tana rarraba abin da ka karanta a zane: ƙagaggen labari nawa, na ilimi nawa, wane fanni, wane harshe, na takarda ko na waya, da marubucin da ka fi maimaitawa. Tana kuma nuna yanayin littattafan, masu ban dariya ne ko masu sosa zuciya ko masu sa tunani, da saurin tafiyar labarinsu. Bayan littafi 10 ko 15 hoton zai fito fili. Mutumin da ke ganin yana karanta komai da komai sai ya tarar kusan duk labaran soyayya ne, ko kuwa duk littattafan addini da siyasa ne, ko waƙa ɗaya babu. Daga nan burin da za a sa ya bayyana da kansa: a duk littafi uku na fannin da aka saba, na huɗu ya fito daga wani wuri, misali tarihin rayuwar wani, ko wasan kwaikwayo, ko littafin kimiyya da aka rubuta don kowa. Akwai kuma sashen ƙalubale, inda za ka shiga wanda wasu suka tsara ko ka ƙirƙiri naka, kamar littafi ɗaya daga kowace ƙasa cikin wasu ƙasashe shida na Afirka ta Yamma.

Wani ɗan maɓalli da ya cancanci yabo shi ne na ajiye littafin da ba a gama ba. Ka danna, ka rubuta shafin da ka tsaya, shi ke nan. Mai gwada sabon fanni dole ya ci karo da abin da bai yi masa ba, kuma littafi ɗaya da ake ja da ƙyar yana iya cinye wata biyu.

Matsalar tana ga littattafanmu na Hausa. Da yawa ba sa cikin rumbun manhajar, musamman na kasuwar Kano da aka buga ba tare da lambar shaidar littafi ta ISBN ba. Ana iya shigar da su da hannu, a rubuta suna da marubuci da yawan shafi da harshe, sai dai aiki ne, kuma littafin da kai kaɗai ka saka ba zai zo da bayanin yanayi ko sauri ba har sai ka cike da kanka bayan ka gama. Idan ka bar gurbin shafi babu komai, lissafinka ba zai motsa ba. Ga kuma batun kashi-kashi: labari ɗaya mai littafi na 1 zuwa na 4, ko Magana Jari Ce mai juzu'i uku, ɗaya za a ƙirga ko kowanne da kansa? A tsai da ƙa'ida ɗaya tun farko. Labaran da ake bi a WhatsApp da Wattpad kuwa ba su da shafi, sai dai a ƙiyasta. Shawarwarin littattafan da take bayarwa ma sun karkata ga na Turanci da aka buga a Amurka da Ingila, don haka kada a jira ta nuna hanyar adabin Hausa ko na Larabci. Ita kanta manhajar da Turanci take magana, kuma sai da data take aiki.

Mai ƙaura daga Goodreads zai iya kwaso tarihinsa gaba ɗaya: ya fitar da fayil ɗin littattafansa daga can, ya loda a nan. Kuskuren da aka fi yi shi ne rashin ranar gamawa. Duk littafin da babu wannan rana a jikinsa ba zai shiga lissafin kowace shekara ba, sai an bi shi an gyara. Haka nan a duba bugun da aka zaɓa, domin littafi ɗaya yana iya zama shafi 280 a wani bugu, 350 a wani.