Takarda Biyu a Gilashin Mota Ɗaya

Yaya, assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Saƙonka na murya ya same ni ina wurin aiki, sai a hanyar komawa gida na saurare shi, har sau biyu. Ka ce ɗan wani Alhaji da ka saba sayar wa motoci ya ga wata Corolla ta tsere a waya ya nace sai ita, kun shiga shafin kamfani kun ga farashi, kana so in je in biya wannan kuɗin in ɗora ta a jirgin ruwa. Ka ƙara da cewa ai nan ƙasar Bature ce, abin da aka rubuta shi ake biya. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa na ajiye waya na zauna rubutu, don ni ma haka na ɗauka har ranar da abin ya faɗo a kaina, kuma a kan wannan motar da kake magana.

Ta wani ɓangare kana da gaskiya. Idan na shiga kanti a nan Houston, shinkafa ce ko talabijin, farashin da ke jikin kanta shi ne, sai ɗan harajin da ake ƙarawa a wurin biya a kan wasu kayan. Babu taya, babu albarka, babu sallama. Yaro da babba kuɗi ɗaya suke biya, kuma yawancin kantuna idan kaya bai yi maka ba ka mayar da rasit a ba ka kuɗinka. Wannan ya burge ni tun zuwana, har yau yana burge ni. Mota ce ta fita daban.

Kowace sabuwar mota a Amurka tana zuwa da wata babbar takarda manne a gilashinta. Dokar tarayya ce ta 1958 ta wajabta haka, wani sanata daga jihar Oklahoma, Mike Monroney, shi ya kawo ta, shi ya sa har yau ake kiran takardar da sunansa. A jikinta za ka ga irin injin, da kayan da aka saka wa motar a masana'anta, da kuɗin dakonta zuwa wurin dila, da yawan man da take sha, sannan farashi. Wannan farashin shi ne kuka gani a intanet. Suna kiransa da haruffa huɗu, MSRP, kuma ma'anarsa farashin da kamfani ya ba da shawara a sayar. Shawara kawai, Yaya. Doka ta tilasta a manna takardar, ba ta tilasta wa dila ya sayar a kan abin da ke cikinta ba. Za ka ce to in tsallake dila in je kamfani kai tsaye. Babu wannan hanyar. Dokokin jihohi sun hana kamfanoni irin su Toyota da Ford da Chevrolet sayar wa mutum sabuwar mota hannu da hannu, dole sai ta wurin dila mai lasisi. Tesla da ta ƙi bin diloli, a nan Texas ba a ba ta izinin sayarwa a shagunanta ba, sai dai mutum ya yi oda ta intanet kamar daga wata jiha. Dilan nan ba irin dillalinmu ba ne da ke haɗa mai kaya da mai saye ya karɓi la'ada. Shi saye yake daga kamfani, motar ta zama tasa, ya sayar yadda ya ga dama.

Motar da yaron ya gani sunanta GR Corolla, kuma ban ga laifinsa ba. Suna kawai ta haɗa da Corollar da ka sani. Injinta ƙarami ne, fulogi uku, lita 1.6, amma da turbo yana ba da ƙarfin doki 300, alhali Corolla ta yau da kullum mai lita 2.0 tana ba da 169. Tayoyi huɗu duka suna ja, salansa uku ne a bayanta, kuma a shekarar farko da giyar hannu kawai ta fito, mai shida. A masana'antar Motomachi a Japan aka fara haɗa ta, kaɗan-kaɗan. Ta shigo kasuwar nan a ƙarshen 2022, farashin mafi sauƙinta dala 35,900 kafin kuɗin dako. Har akwai wata ta musamman da aka cire wa kujerun baya, aka sa mata sunan Morizo, sunan da shugaban kamfanin na lokacin, Akio Toyoda, yake amfani da shi idan ya shiga tsere. Guda 200 aka ware wa Amurka gaba ɗaya a wannan shekarar.

Ka san tun ina yaro a garejin Kawu nake son mota mai giyar hannu. Shekara uku ina tara kuɗi, ina ƙarin aiki a ƙarshen mako, don ba na son bashin banki mai ruwa. Tun kafin motar ta iso na je wurin wani dila, na ba da kafin alƙalami dala 1,000, aka rubuta sunana a layi. Na tambayi yaron da ya karɓa, a kan farashin takarda ne? Ya ce e, ya miƙo mini hannu muka gaisa. Ban ce ya rubuta ba, don a raina ƙasar da kanti ke mayar wa mutum kuɗinsa a kan rasit, magana ba za ta tashi ba.

Wata bakwai bayan haka aka kira ni. Na je da asuba-asuba, tun kafin su gama buɗewa. Tana tsakiyar ɗakin baje koli, fara sol, an zagaye ta da jan igiya don kada a taɓa, ledar masana'anta tana kan kujeru ba a cire ba. Na tsaya ina kallonta kamar minti biyar kafin na matsa wurin gilashi. Babbar takardar tana nan, farashin da na sani. A gefenta kuma akwai wata 'yar siririyar takarda, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, an buga ta da launi da rubutu irin na babbar, yadda idan ba ka lura ba sai ka ce daga masana'anta ta zo. Dila ne ya manna ta. Layin farko, baƙin gilashi. Na biyu, wani mai da aka ce an shafa don kare fenti. Na uku, na'urar bibiyar mota idan an sace. Na huɗu, iskar naitirojin a taya, wadda kashi 78 cikin ɗari na iskar da mai faci yake hura maka a bakin titi ita ce. Ko ɗaya ban nema ba, kuma an ce ba a cirewa tunda an riga an saka. Sai layin ƙarshe, wanda ba kaya ba ne, ba aiki ba ne, an rubuta gyaran farashi daidai da kasuwa: dala 15,000.

Na nemi yaron da muka yi magana, aka ce ya bar aiki. Manaja ya fito, mutum mai fara'a, ya ba ni ruwan sanyi ya zaunar da ni. Ya ce guda biyu kacal kamfani ya ba su a wannan zangon, mutum fiye da ashirin ne a layi, kuma akwai wanda ya ce zai biya yau-yau. Ya ce kafin alƙalamina ya ba ni damar a fara yi mini tayi ne, bai ɗaure farashi ba. Da na ce kuɗi a hannu zan biya, na zaci hakan zai sassauta shi kamar yadda yake a gida. Sai na ga fuskarsa ta canja. Daga baya na fahimci dalili: idan ka ci bashi ta hannunsu, bankin yana ba su wani kaso, saboda haka mai tsabar kuɗi bai fi mai bashi daraja a wurinsu ba. Na ɗauki biro na yi lissafi a gabansa. Harajin sayen mota a Texas kashi 6.25 ne cikin ɗari, kuma a kan abin da ka biya ake cire shi, wato wannan ƙarin kaɗai zai ja mini wata dala 937 da 'yan kai. Na ce a ba ni kuɗina. Sun bayar, bayan mako biyu da kira uku.

Na daɗe ina juya abin a raina, kuma ba ribar ce ta ɓata mini rai ba. Mu 'yan kasuwa ne gaba da baya. Rago ana gobe Sallah ba farashinsa ɗaya da na bayan Sallah ba, kowa ya sani, kuma kai ma idan mota ta yi wuya a Kwatano ba ka sayar da ta hannunka a tsohon kuɗi. Amma kai idan mutum ya taya ka ce ka sallama, ya ajiye kafin alƙalami, ko wani ya zo da ninki ba ka tashin cinikin, don gobe za ku haɗu a masallaci kuma kasuwa gaba ɗaya za ta ji. A nan wanda ya yi maka alkawari ya tafi, wanda ya gaje shi bai san ka ba, abin da ba a rubuta ba kuwa kamar ba a faɗa ba ne. Abin ya fi kama da lokacin wahalar mai, farashin gwamnati yana rubuce a allon gidan mai, man kuma yana wurin 'yan bumburutu. Bambancin kawai, a nan mai gidan man ne da kansa yake sayarwa a galan, cikin shagonsa, kuma doka tana bayansa.

Ba ni kaɗai ba ne, lokacin ne ya zo da haka. Annobar korona ta rufe masana'antu a 2020, sannan aka shiga ƙarancin ƙananan na'urorin kwamfuta da kowace motar zamani ke buƙata, filayen diloli suka zama wayam. Kamfanin Edmunds mai bibiyar cinikin motoci ya ce a watan Janairun 2022 fiye da kashi 80 cikin ɗari na masu sayen sabuwar mota sun biya sama da farashin takarda, abin da shekara ɗaya kafin nan bai kai kashi 3 ba. Motocin gudu su suka fi shan ƙari, don mai sonsu da zuciya yake saye. Corvette ta Chevrolet, wadda ake haɗawa a Bowling Green a jihar Kentucky, ta fito da sabon fasali a 2020 da injin a bayan direba a kan dala 59,995, mutane suka yi ta jira shekara da shekaru. Babbar yayarta Z06 mai ƙarfin doki 670 an sa mata 106,395, amma samunta a haka sai mai tsananin rabo.

Kamfanonin sun nuna ba su ji daɗi ba. A farkon 2022 General Motors, uwar kamfanin Chevrolet, ta rubuta wa dilolinta gargaɗi, shugaban Ford Jim Farley shi ma ya ce masu wuce gona da iri za a rage musu kason motoci. Iyakar abin da za su iya ke nan, tunda ba su da ikon yanke wa dila farashi. Mai saye kuwa an fi iya ɗaure shi. A lokacin, wanda ya sayi Z06 ya sayar da wuri don cin riba, wani ɓangare na garantin ba ya bin motar. Ford ma ta taɓa kai ɗan kokawar nan John Cena kotu a 2017 saboda ya sayar da Ford GT ɗinsa kafin cikar shekara biyun da ya sa hannu a kai, daga baya suka sasanta. Hukumar kasuwanci ta tarayya ta fito da wata ƙa'ida a ƙarshen 2023 da za ta tilasta wa diloli faɗin cikakken farashi tun farko, ta kuma hana cajin kayan da ba su da amfani. Ƙungiyar diloli ta ƙasa da ta Texas suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara da ke New Orleans ta soke ƙa'idar a Janairun 2025.

Kasuwar ta lafa yanzu. Motoci sun dawo filaye, kuma mai haƙuri yana samun GR Corolla a kan farashin takarda, musamman idan ya yarda ya nema har wasu jihohi. Akwai diloli da tun a tsakiyar wahalar ba su ƙara ko sisi ba, layinsu ne dai ya fi tsawo, kuma ina ganin girmansu. Waɗanda suka biya ƙarin su ne abin tausayi. Akwai wani abokin aikina da ya biya, da bashin wata 72. Da ya je sayarwa, ba wanda ya tambaye shi nawa ya saya, kuɗin kasuwar ranar aka ba shi, abin da banki ke binsa ya fi abin da motar za ta kawo.

Game da Alhajinka, ga shawarata. Kada ka faɗa masa farashin intanet a matsayin kuɗin mota. Ka bari in samo farashin fita da mota daga ƙofa, wanda ya haɗa haraji da kuɗin takardu da duk wani ƙari, a rubuce da sa hannun manaja, kafin in ajiye ko dala ɗaya. Zan kuma karanta takardun da kyau, don a kan wasu sababbin motoci diloli suna sa mutum ya sa hannu cewa ba zai fitar da su ƙasar waje ba sai bayan wani lokaci. Idan haka ne gara mu nemi wadda aka ɗan hau, mai tsabtataccen tarihi. Sannan ka zaunar da yaron ka gaya masa gaskiya: motar tana da ƙasa sosai, man da take so mai inganci ne na sama, kuma kayan injinta ba su ne na Corollar da ke cike a Ƙofar Ruwa ba, duk abin da ya lalace sai an yi odarsa. Ka haɗa masa da kuɗin jirgi da na kwastan a Legas tun yanzu, ya ga jimlar da idonsa. Idan bayan duk wannan yana nan a kan bakansa, ka turo mini launin da yake so da iyakar abin da mahaifinsa ya amince ya kashe.

Ni dai har yanzu tsohuwar Camry ɗina nake hawa, kuɗin kuma na sa rabinsu a ginin nan na Hotoro, kamar yadda ka sani. Ka duba mini ko an gama zuba dakin ɗin sama, ka ɗauko hoto. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce mata maganin ƙafarta yana hannun wanda zai taso ranar Alhamis. A gaida Kawu da yara duka.

Ƙaninka, daga Houston.